Ranar Da Na Ci Shinkafa A Madadin Mutum Saba'in

Jiya Alhamis, jama'a, an tura ni cin abinci a madadin mutum saba'in. Mu biyu aka zaɓa, amma abokiyar wakilcina ba ta kai ga faranti ba, don haka nauyin ya faɗo a kaina ni kaɗai. Na ci shinkafa mai sanyi da fiffiken kaza guda. Duk ma'aikacin ofishinmu da ya ji cikinsa ya ɗan yi nauyi da misalin ƙarfe huɗu na yamma, kada ya tsorata ya nufi asibiti. Ni ne nake masa aiki.

Na san wasunku za su ce Uzairu ya fara zaucewa tun da ya rasa matarsa. Ku yi haƙuri in ɗauko muku zancen daga tushe.

A ma'aikatar da nake aiki, wadda ba zan faɗi sunanta ba saboda saura mini shekara shida in yi ritaya kuma ina so in kai, muna da wata al'ada da ba ta cikin kowane fayil. Shekara ashirin da 'yan kai da suka wuce, a ɗaya daga cikin lokutan da garin nan namu na Jos ya birkice, dokar hana fita ta rutsa da mu a ofis. Kwana biyu ba shiga ba fita. Mama Dina, mai buga mana takardu, ta biyo ta kasuwar Laranto da safen ranar ta sayo acca za ta kai gida. Maigadi yana da 'yar akuya ɗaure a bayan ɗakinsa. Gwadabe direba ya yanka ta, don kowa ya iya ci ba tare da ya tambayi wa ya riƙe wuƙa ba. Aka jera duwatsu uku a filin bayan ofis, Mama Dina ta dafa gwate, wanda mutanen Kano kan kira fate su ɗauka abu ɗaya ne. Muka sha a kofunan shayi, Musulmi da Kirista, muna jin abin da muke ji daga cikin gari, ba wanda ya kalli wani da gefen ido.

Tun daga nan, kowace shekara, Alhamis ɗin ƙarshe kafin Kirsimeti, sai a sake jera duwatsun. Gwadabe ya yanka, Mama Dina ta dafa, wani ya kawo masa, wato waina, daga gida, wani ya kawo dankali, wani ya kawo cikinsa kawai, shi ma a karɓe shi. Ba takarda, ba jawabi. Addu'a kuwa kowa kan sunkuya ya yi tasa a kan kwanonsa, kuma a iya sanina ba a taɓa samun wadda ta yi karo da wata a hanyar sama ba.

Wanda ba ɗan Jos ba zai ce mene ne abin labari a tukunyar gwate. To, Mama Dina tana zaune can ta wajen Bukuru, ni ina unguwar Ali Kazaure. Rabon da ta taka unguwarmu an daɗe, rabona da tasu ma haka. Da aka aurar da 'yarta Loyis, ambulan na aika. Da matata Suwaiba ta rasu, a bakin ƙofar ofishina ta tsaya ta yi mini ta'aziyya tana share hawaye da gefen gyale. Ba gaba muke yi ba. Kowa dai ya koyi duba agogo da duba hanya, kuma abin da jiki ya koya da wuya yake mantawa. Filin nan na bayan ofis, mai tsohuwar mota ba taya da tulin fayilolin da gara ta ci, shi ne kaɗai ƙasar da ta rage mana da za mu zauna mu ci daga tukunya ɗaya ba wanda ke neman ƙofa.

Ni kuma ina da nawa dalilin da ba na son faɗa. Shekara huɗu ke nan abincina yana fitowa daga hannun mai shayi da safe, daga leda da rana. Rana ɗaya ce a shekara nake cin abin da aka dafa da sanin ina cikin masu ci.

Bana kuwa ita ce tukunyar Mama Dina ta ƙarshe. Ta cika shekara talatin da biyar tana aiki, ranar talatin da ɗaya ga wata za ta ajiye aiki. Tun watan jiya ta sayi accarta, ta rege ta sau uku don kada wani ya tauna yashi a ranar sallamarta, ta shanya, ta ƙulle a cikin durowar ofis.

Ana nan sai Babban Oganmu, Inuwar Marasa Inuwa, Mai Biro Uku A Aljihu, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi, ya tafi taron bita Abuja. Kwana biyar ya yi. Ya dawo da sabuwar jaka, da hula mai tambari, da wani babban ilimi: ashe ma'aikatansa ba su da haɗin kai. Mu ba mu sani ba. Rashin sani kuwa shi ya sa kaza ta kwana a kan dami da yunwa. Nan take ya ba da umarni a shirya Bikin Zumunci Da Haɗin Kan Ma'aikata, irinsa na farko a tarihin ma'aikata, a kuma kafa kwamiti.

Na karanta littattafan tarihi fiye da yadda ya kamaci mai matsayi irin nawa, ban taɓa cin karo da al'ummar da kanta ya haɗu don an kafa mata kwamiti ba. Waɗanda yunwa ta haɗa dai na gani da yawa. Amma ni wa zai tambaya?

Aka naɗa mutum goma sha huɗu, bakwai daga masu zuwa masallaci, bakwai daga masu zuwa coci. Wajen shugaba aka yi cirko-cirko, sai aka naɗa biyu, muka sa musu suna Tagwayen Kujera. Ni aka ba sakatare. Ɗaya daga cikin Tagwayen ne ya kawo sunana, da hujja mai ƙarfi: "Malam Uzairu ba shi da mai jiransa a gida, zai iya zama ko ƙarfe nawa muka kai." Kowa ya gyaɗa kai. Na rubuta maganar a littafin taro yadda ya faɗe ta, don na baya su san irin masu tausayin da aka yi a zamaninmu.

Zama uku muka yi a kan rana. Juma'a ba ta yiwuwa, Lahadi ba ta yiwuwa, Asabar kowa yana da ɗaurin aure. Litinin manya ba su gama dawowa daga hutun mako ba. A zama na uku, bayan an sha lemo an ci soyayyen nama, kwamiti ya gano cewa ranar da ta fi dacewa ita ce Alhamis ɗin ƙarshe kafin Kirsimeti. Aka tafa. Ban ce musu wata mai buga takardu da wani direba sun riga su gano haka da shekara ashirin, a tsaye, ba lemo ba.

Addu'a ta ci mana mako guda. An fara da cewa liman ya buɗe, fasto ya rufe. Ɓangaren fasto suka ce lokacin rufewa kowa ya riga ya ɗauki ledarsa ya tafi, Allah kaɗai zai ji. Aka juya, ɓangaren liman suka kawo wannan kukan. A ƙarshe aka daidaita: biyu a farko, biyu a ƙarshe, wanda ya fara da safe shi zai ƙarasa da yamma, a kuma sa mutum da agogo don kada wani ya fi wani daɗewa a gaban Ubangiji.

Wajen wuri ne kwamiti ya nuna bajinta. Ƙaramin kwamiti ya ɗauki motar ofis mako biyu yana zaga gari. Wannan zaure ya yi kusa da masallaci. Wancan ana jin ƙararrawar coci. Wannan unguwar su wane ce, wancan ta su wance. Daga bisani suka samo wani otal can bayan gari, bayan duwatsu, inda ba a jin kiran salla, ba a jin ƙararrawa, ba a kuma ganin keke ko bas. Gaskiya wurin ya yi adalci, domin duk cikinmu ba wanda ya san hanya.

Zauren yana cin mutum tamanin. Babban Oga ya gayyaci nasa Ogan, Mai Girma Wanda Ake Jira. Shi kuma ba a gayyatarsa a bar mataimakinsa. Duk baƙon da aka rubuta daga wannan ɓangare sai an nemo masa kini daga wancan, kada sikeli ya karkata. Aka tuna da tsofaffin shugabannin ma'aikata, aka tuna da matansu, aka tuna da waɗanda za su ji haushi in ba a tuna da su ba. Ina rubutawa ina ƙirgawa, har muka kai saba'in da takwas.

Na ɗaga hannu. "Ranku ya daɗe, ma'aikatan fa?"

Aka juyo aka dube ni, kamar na ambaci mutuwa a gidan suna.

Ɗaya daga cikin Tagwayen ya cire gilashinsa. "Malam Uzairu, kai da ake cewa ka yi karatu, ba ka san wakilci ba? Duk yawan jama'ar ƙasar nan, kowa ne ke zuwa ya zauna a majalisa?"

Ɗayan ya ce, "Ka faɗi gaskiya, takwarana." Ranar ce ta farko da na ga sun yarda da juna. Haɗin kai ya fara aiki tun kafin biki.

Haka aka yanke: kujeru biyun da suka rage na ma'aikata ne, namiji da mace, Musulmi da Kirista. Ni, tun da dama dole in je in karanta jawabin godiya, an huta da kujera guda. Mama Dina kuma, tun da za ta yi ritaya, za a karrama ta da allon yabo. Aka buga mana katin rataya a wuya. Da aka zo kan wa zai zama Wakili Na Ɗaya wa zai zama Na Biyu, aka sake hango fitina, sai aka rubuta mana Na Ɗaya mu duka.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Amma an ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Wani ya je ya raɗa wa Babban Oga cewa akwai wani taron da ake yi a bayan ofis a wannan ranar. Inuwar Marasa Inuwa ya ce biki biyu a rana ɗaya rabuwar kai ne, kuma shi bai je Abuja ya dawo don a raba masa kan ma'aikata ba. Ya ce a fitar da sanarwa: daga yau an haramta hura wuta, ɗora tukunya, ko taruwar mutum fiye da uku a harabar ofis ba da izinin kwamiti ba. Ranar biki kuma kowa ya zauna a kan kujerarsa ya yi zumunci da aikinsa.

Sakatare ke rubuta sanarwa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, sai na rubuta. Mai bugawa kuma a duk ofishin mutum ɗaya ce.

Na kai mata da kaina. Ta gyara gilashi ta karanta har ƙasa, ta koma sama ta sake sauka.

"Kwafi nawa, Malam Uzairu?"

"Biyar, Mama."

"Kai ka rubuta?"

"Ni aka sa."

"Rubutun ya yi kyau," in ji ta, ta jawo kujera ta fara bugawa.

Gara da ta zage ni. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, amma ita ko hararar marataya ba ta yi ba. Na tsaya kamar wanda aka dasa, na ce, "Mama, accar fa?"

Ba ta ɗago ba. "Acca ba ta lalacewa, Malam. Ni ce zan tafi."

Kada wani ya ce me ya sa ba ta yi gardama ba. Takardunta na ritaya suna kan teburin Mai Biro Uku suna jiran ɗaya daga cikin birukan. A ma'aikatarmu fayil yana da ƙafa, in mai shi ya cika baki sai ya tashi ya shiga duniya. Kada kuma wani ya ce a je gidan wani a dafa. Gidan wa? Na riga na gaya muku yadda garin yake.

Ana jibi biki na je karɓar ankona wurin maƙwabcina Mahdi tela, domin an ba wakilai yadi iri ɗaya da na manya, sai dai namu ya fi nasu shara-shara. Ya saurari labarin yana cizon zare.

"Tsaya, Akawu, in gane. Biki na ma'aikata ne?"

"Nasu ne."

"Amma ba za su je ba."

"Za su je ta bakina."

"To in ka ci, su za su yi gyatsa?"

Na ce kwamiti bai tattauna wannan ba tukuna.

"Ni ma bari in gwada," in ji shi. "Sallah mai zuwa, duk wanda ya kawo ɗinki sai in ɗinka wa kaina riga in sa a madadinsa." Ya miƙo mini rigar. Hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Na nuna masa, ya ce in riƙa ɗaga gajeren in an zo tafi, ba wanda zai lura.

Jiya da ƙarfe goma muna zaure, ni da Mama Dina, a layin ƙarshe, tsakanin ƙofa da lasifika. Sanyi yana shigowa ta baya, kiɗa yana dukan kunne ta gefe. An jera abinci a dogon teburi an rufe, an sa mutum biyu suna gadi, domin ba a buɗewa sai Mai Girma Wanda Ake Jira ya iso. Sha ɗaya ta yi. Mai gabatarwa ya ce yana hanya. Sha biyu ta yi, ya ce ya kusa. Wanda ya san manyanmu ya san in an ce ya kusa, to an ga ya nufi banɗaki da tawul.

Mama Dina ta duba agogo, ta dubi babban teburi, inda manya suka jeru kamar kayan da ba a sayar ba. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta karkato.

"Malam Uzairu, a cikin waɗancan na sama, wa ya san fuskata?"

Na bi su ɗaya bayan ɗaya da ido. Babban Oga shekara biyu ke nan da zuwansa, bai taɓa sauka ƙasan bene inda ɗakin buga takardu yake ba. Tagwayen Kujera masinja suke aikawa. Sauran baƙi ne. Shekara talatin da biyar suna sa hannu a ƙarƙashin aikinta.

Na ce, "Babu, Mama."

"Su duka suna nan?"

"Har da mataimakansu."

"To wa ya rage a ofis da zai ga hayaƙi?"

Na ji wani abu ya motsa mini a ƙirji wanda rabona da shi an kwana biyu. Na ce, "Takardunki fa? In aka kira sunanki aka ga kujera ba kowa?"

"Ai ku kuka koya mana wakilci."

A bayanmu, a bakin ƙofa, akwai wata mata zaune a kan kwali, mai suna Ezinne. Ita ta ba da hayar kujerun da rigunansu, tana jiran a tashi ta kwashe kayanta. Za ta yi shekara arba'in da biyar, kuma a faɗi ta ninka Mama Dina. Mama Dina ta yafito ta.

"'Yar'uwa, kin karya kuwa?"

"Ina fa, Mama. Tun asuba ni yana nan."

"Zo ki zauna a kujerarki ta gaskiya. Akwai faranti a kanta."

Ta cire katin ta rataya mata, ta kwance ɗankwalin anko ta ɗaura mata, ta yafa gyalenta. Ezinne ta dube ni. "Oga, in sun kira ni, me zan ce?"

Na ce, "Ki ce kin gode. Shi kaɗai ake so daga ma'aikaci."

Na raka Mama Dina wurin ajiye motoci, inda direbobi ke zaune a rana, domin kwamiti bai ƙirga su a ma'aikata ba, bai kuma ƙirga su a baƙi ba. Gwadabe yana ganinmu ya miƙe. Ashe akuyar bana tana ɗaure a bayan ɗakin maigadi tun Litinin, ya saya bai gaya wa kowa ba, wai ko Allah zai yi ikonsa.

Na ce, "In Oga ya neme ka fa?"

"Na tafi shan mai, Malam."

Allah ya saka wa masu kula da harkar mai a ƙasar nan. Sun ba talaka uzurin da ba a bincike. Direba ya ɓace awa huɗu ya ce layi, ba wanda zai ɗaga gira. Gwadabe ya buɗe mata ƙofar baya, kusurwar da Inuwar Marasa Inuwa ke zama, ya ce, "Bismillah, Hajiya Mama." Ta ce, "Kai dai Gwadabe ba ka girma." Ina jinta tana waya da wata ma'aikaciyarmu kafin su fita ƙofa: "Hassana, ki aika a sayo yakuwa da gauta, ki ce a jera duwatsu."

Ni na koma ciki. Dole wani ya tsare bayan gida, kuma an riga an shaida ba ni da mai jirana.

Wanda Ake Jira ya iso biyu da rabi. Aka miƙe, aka zauna, aka yi addu'a biyu, mai agogo ya tabbatar an yi kunnen doki. Aka gabatar da manya saba'in da takwas, kowa da cikakken laƙabinsa, wanda aka tsallake wa laƙabi guda ya aiko da 'yar takarda aka sake. Sannan Babban Oga ya hau ya yi jawabi. Ya ce kafin zuwansa ma'aikatan nan ba sa ko gaisawa. Ya ce shi uba ne, ya san kowane ma'aikacinsa kamar yadda ya san 'ya'yan cikinsa. Na ɗaga gajeren hannu na tafa.

Aka kira Madam Dina. Ezinne ta tashi ta taka har gaba, kati yana lilo a ƙirjinta. Ɗaya daga cikin Tagwayen ya ƙanƙance ido ya daɗe yana kallonta, sannan na ga ya karkata ga takwaransa, daga baya aka gaya mini abin da ya ce: "Madam ta yi ƙiba."

Babban Oga ya riƙe allon da hannu biyu. "Wannan baiwar Allah," in ji shi, "kullum na iso da safe ita nake fara gani a bakin aikinta. Ku dube ta. Shekara talatin da biyar, amma kamar jiya ta fara. Wannan shi ne amfanin shugabanci mai kwantar wa ma'aikaci da hankali."

Aka yi hoto. Aka miƙa mata abin magana.

"Na gode, Oga," in ji ta. Ta ɗan yi jim, kasuwanci ya motsa. "Kuma don Allah, in an tashi, kar kowa ya tafi da rigan kujera. Na san adadinshi."

Zaure ya ɗauki tafi. Matar wani tsohon shugaba har da share ido.

Na karanta jawabin godiya da na rubuta mako uku da suka wuce, inda na yaba daɗin abincin da har lokacin ba a buɗe ba. Da aka buɗe, masu riƙe wa manya jaka suka yi masa dirar mikiya da ledoji. Abin da ya iso layin ƙarshe shi ne wanda na ba ku labari. Ezinne ta samu cinya, kuma na ga ta cancanta.

Gwadabe ya dawo ana addu'ar rufewa ta biyu, yana ƙamshin hayaƙi. Oga ya tambaye shi ko an samu man. Ya ce, "Layin ya yi tsawo, ranka ya daɗe, amma an dace."

Ba a tanadi motar mayar da wakilai ba, don haka a bayan motar kujerun Ezinne na dawo gari, zaune a kan kayan haya, rungume da allon yabo. Biyar ta gota na shiga ofis. An tashi aiki tun huɗu, amma ba wanda ya tafi. Suna filin baya su saba'in, wasu a kan benci, wasu a kan tsohuwar motar, kowa da kwano a hannu, ana yi wa maigadi tsiya wai ya ci rabon mutum uku. Sanarwata tana manne a bango daidai saman duwatsun, hayaƙi ya yi mata baƙi.

Mama Dina tana zaune a gindin tukunya, ta cire takalmi. Na miƙa mata allon na ce, "Ga shi, Mama. An ce kullum ke ake fara gani da safe."

Ta juya shi gaba da baya, ta ƙwanƙwasa da yatsa. "Katako ne mai kyau." Ta jawo wani kwano da ta rufe ta ajiye a gefen wuta, ta ɗora a kan allon ta miƙo mini. "Riƙe ta nan, da zafi. Na tsame maka gautar. Marigayiya ta ce ba ka so, kunya ce ke sa ka ci."

Na zauna a kan dutse na sha. Mai shan gwate da zafi ba ya surutu.

Da na gama na tambaye ta wa zai dafa baɗi. Ta ce Hassana ta tsaya a kanta yau daga farko har ƙarshe, hannunta ba laifi, sai dai tana da rowar manja. Tukunyar kuma ba za ta tafi da ita ba. Ta ce ta samo mata ma'aji a ɗakin fayil, bayan takardun neman ƙarin girma na ƙananan ma'aikata, inda ta tabbata ba hannun da zai kai.

Yau da safe Mai Biro Uku ya sa hannu a takardunta ba tare da an tuna masa ba. Ya ce matar ta burge shi, ga fara'a ga kishin kayan gwamnati. Sannan ya umarce ni in rubuta rahoton biki da shawarwari. Na rubuta cewa an samu nasarar da ba a taɓa samu ba, ma'aikata sun ji a jikinsu. Na ba da shawara a riƙa yi duk shekara a wannan ranar, a ƙara yawan manyan baƙi, a kuma nemi otal da ya fi wannan nisa, domin adalci.

Masu tsoron kada wannan rubutu ya jawo wa Mama Dina ko Gwadabe wata matsala su kwantar da hankalinsu. Na roƙi edita kada ya sa hoton kowa a shafin nan, saboda haka ba mai buɗe shi a saman bene.